Wa Ya Biya Malamin da Ya Ce Irin Nan Ya Fi?

Manomin albasa a Galmi, ko mai noman rani a fadamun Ƙonni da Tsernawa, ba shi da ɗakin gwaji. Abin da ke hannunsa shi ne gonarsa, da ruwansa, da kuɗin da sau da yawa rantowa ya yi. In aka kawo masa sabon iri a gwangwani, ko wani maganin feshi, ko takin da aka ce ya fi wanda ya saba da shi, magana ɗaya ce take sa ya saki kuɗinsa: an ce masana sun gwada. Masanan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai malaman jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da na jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da na Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, wadda ke da gonar gwaji a Ƙonni. A tsallaken iyaka kuma ga na Samaru a Zariya, waɗanda irin da suka fitar kan ƙetaro ya shigo kasuwanninmu.

To in ya zamana kamfanin da ke sayar da kayan shi ya biya kuɗin gwajin fa? Ko yana ba malamin wani abu a matsayin mai ba shi shawara, ko malamin yana da kaso cikin ribar? Shin maganarsa tana nan da nauyinta? A kan wannan ne masana suka rabu biyu a duniya, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a turewa da hannu ɗaya.

Mutanen ƙasar nan sun riga sun ɗanɗana yadda ilimi da kuɗi ke haɗuwa a kan iri. Albasar Galmi, wadda ake lodinta zuwa Akara da Abijan da Kwatano, gadon manoma ce, masu bincike kuma suka tace irinta. A cikin shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, mai alaƙa da Technisem na Faransa, ya nemi OAPI, hukumar rajistar mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, ta ba shi takardar mallaka a kan irin da sunansa na Violet de Galmi. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, sunan bai tafi ba, kamfanin ya koma neman takarda da sunan Violet de Damani. A irin wannan shari'a, wa ake kira ya faɗi ko irin kamfani ya bambanta da na manoma? Masani. Ranar da ta zamana masanin yana cin abinci a gidan ɗaya daga cikin masu shari'ar, manomin Galmi ya shiga uku bai sani ba.

Duk da haka, masu kare hulɗa da kamfanoni ba mutanen banza ba ne, kuma da yawansu sun fi masu sukarsu sanin wahalar aikin. Hujjarsu ta farko ita ce talauci. Shekaru kusan ashirin ke nan da shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasashensu don bincike, kuma akasarinsu ba su kai ko kusa ba. Abin da gwamnati ke bayarwa yakan ƙare a albashi. Man mota zuwa gonar gwaji, da ladan masu aikin gona, da sinadaran ɗakin gwaji, da kuɗin da ɗalibi zai ci abinci har ya gama digirinsa na uku, duk sai malami ya nemo su da kansa. A da ana dogara da masu ba da agaji, amma bayan juyin mulkin Yulin 2023 da dama daga cikinsu sun dakatar da ayyukansu a Nijar, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumar USAID ɗungurungum. Suka ce wanda ya hana malami karɓar kuɗin kamfani a wannan hali bai tsarkake bincike ba, rufe shi ya yi.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan ƙarfi. Jami'a ba ta da masana'anta, ba ta da motocin rarraba kaya, ba ta da shago a kasuwar Malbaza ko ta Illela. Abin da aka gano a ɗakin gwaji, in babu mai ƙera shi ya sayar, a cikin kundi zai tsufa. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba magani ba. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, ciki har da na INRAN a Maraɗi, amma sai da masana'antu irin Lela Agro ta Kano suka shiga ƙera shi kafin ya kai hannun mai wake a ƙauye. Duk wanda ya san yadda ake barbaɗa wa wake guba a rumbu, har wani lokaci iyali su ci su kwanta, ya san abin da wannan buhu ya rage.

Ga kuma Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa. Wani likita mai bincike a cibiyar IRD ta gwamnatin Faransa, André Briend, shi da mai kamfanin Nutriset suka haɗa shi a 1996, cibiyar da kamfanin suka raba takardar mallaka. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a Nijar, galibinsu a jihar Maraɗi, kuma wannan abinci ne ya sa uwa ta iya jinyar ɗanta a gida maimakon ta kwanta da shi a asibiti. A Yamai ma ana sarrafa shi. Haka allurar MenAfriVac ta sanƙarau, da aka fara yi wa jama'a a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar: masana da Hukumar Lafiya ta Duniya suka tsara, kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa a kan ƙasa da rabin dalar Amurka kowace ɗaya, kuma nau'in sanƙarau ɗin da ya fi kashe mana yara a bazara ya kusan ɓacewa. Wanda ya taɓa ganin annobar shekarun 1990 ba zai raina wannan ba, ni ma ban raina ba.

Suna kuma da tambayar da take da wuyar amsawa: wane kuɗi ne ba shi da igiya? Gwamnati tana son sakamakon da zai yi wa shirinta ado. Ƙungiyar agaji tana son rahoton da zai sa a sabunta mata aiki. Ƙungiyar da ke adawa da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ita ma tana da abin da take son ji, kuma ita ma tana biyan masana. Me ya sa, in ji su, kuɗin ɗan kasuwa kaɗai ake kallo da ido ɗaya?

Masu suka ba sa fara amsarsu da falsafa. Kano suke nunawa.

A farkon 1996 sanƙarau ya afka wa arewacin Najeriya, ya kashe dubban mutane. Ana cikin wannan hali ne tawagar kamfanin Pfizer ta sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, inda likitocin MSF ke jinya kyauta, da wani sabon magani mai suna Trovan da take son gwadawa. Yara kusan 200 aka saka cikin gwajin. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka riga aka sani, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Har yau kamfanin yana kan bakansa cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu.

Abin da ya shafi muhawararmu shi ne takarda guda. Kafin a gwada magani a jikin mutum, dole kwamitin ɗa'ar bincike ya duba ya amince. Kamfanin ya gabatar da wasiƙar amincewa mai ɗauke da sunan asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen shekarar 2000, sai ta ruwaito cewa a lokacin gwajin asibitin ba shi ma da irin wannan kwamiti, kuma daga baya aka rubuta wasiƙar aka mayar da kwanan wata baya. Kwamitin binciken da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala a 2001 cewa gwajin ya saɓa doka, rahoton kuma bai fito fili ba sai 2006. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Maganin kansa an taƙaita amfani da shi a Amurka tun 1999 saboda illar da yake yi wa hanta.

Baƙon kamfani ba ya iya shiga ɗakin marasa lafiya a Kano shi kaɗai. Sai da sunan likita ɗan gida, da hatimin asibitin gida. Wannan suna da wannan hatimi su ne kayan da kamfani ke buƙata a wurin masaninmu, su ne kuma abin da mahaifiyar yaro ta dogara da shi sa'ad da ta miƙa ɗanta. Da aka yi wasa da su, asarar ba ta tsaya kan yara 200 ba. Lokacin da wasu jihohin arewa suka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Masu kare hulɗa da kamfanoni sukan lissafa rayukan da haɗin gwiwa ya ceta. Adalci ne a saka yaran da shan inna ta nakasa bayan 2003 a ɗaya gefen sikelin.

Ana iya cewa wannan lamari ne na musamman, kuma yau an tsaurara dokoki. Gaskiya ne an tsaurara. Sai dai abin da ya fi ba ni tsoro ba ya buƙatar kowa ya yi ƙarya ko ya sauya kwanan wata. Labarin audugar Burkina Faso ya fi kama da abin da zai iya samun manomin Ƙonni. A 2003 cibiyar binciken noma ta ƙasar, INERA, ta fara gwada audugar kamfanin Monsanto mai kashe tsutsa da kanta. A 2008 aka sake ta ga manoma, cikin 'yan shekaru ta mamaye yawancin gonakin audugar ƙasar, ana ta kafa misali da Burkina a tarukan duniya. Feshi ya ragu, wannan ba a musu. Amma silin audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa, alhali an san Burkina da auduga mai dogon sili. A 2016 kamfanonin auduga na ƙasar suka yi watsi da ita, suka nemi diyyar sefa biliyan 48 da ɗoriya. Wasu masana biyu, Jessie Luna da Brian Dowd-Uribe, sun bi diddigin lamarin suka wallafa a 2020 cewa kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken da aka gina labarin nasarar a kansa, yana kuma da iko a kan sakamakon, kuma ƙarin amfanin gonar da aka yayata ya zarce abin da manoma suka gani. Alamar gajarcewar sili ta bayyana tun da wuri, amma ba ita ce ta cika rahotanni ba.

Haka abin yake tafiya. Mai biya shi ke zaɓar tambayar da za a yi, da abin da za a gwada kayansa da shi, da gonar da za a yi gwajin, da ranar da za a daina aunawa. In aka gwada sabon iri a gonar da ta sha taki da ruwa, aka kwatanta da na gargajiya a hannun manomin da ba shi da ko ɗaya, duk lambobin da za a rubuta gaskiya ne, amma hukuncin da za a ɗora a kansu ya karkace. In sakamakon bai yi daɗi ba, ba sai an ƙone shi ba, ajiye shi kawai za a yi a aljihun tebur. Ƙungiyar Cochrane ta tattara nazarce-nazarce masu yawa kan magunguna da na'urorin asibiti, ta sabunta rahotonta a 2017, ta gano cewa binciken da kamfani ya biya ya fi yawan fitowa da sakamakon da ke goyon bayan kayan kamfanin, kuma ma'aunan ingancin bincike da aka saba amfani da su ba sa kama wannan karkata. Tun a shekarun 1960 ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta biya wasu malaman jami'ar Harvard suka rubuta sharhin da ya sassauta wa sukari ya ɗora wa kitse laifin ciwon zuciya. An buga a 1967 ba tare da an faɗi wanda ya biya ba, kuma sai 2016 takardun suka fito. Malaman Harvard ba yunwa ce ta kai su ba. To ina ga wanda ɗalibansa ke jiran kuɗin abinci daga kwangilar? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, alƙali ba ya karɓar shaidar wanda shaidar za ta jawo wa amfani ko ta kawar masa da wata cuta. Ba a ce mutumin maƙaryaci ne ba, yana iya zama mafi gaskiyar mutanen gari. An dai ɗauke masa nauyin da zuciyar ɗan Adam ba ta cika iya ɗauka ba, an kuma kare wanda ake shari'a da shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta kusa da Galmi, yana cikin abin da ya soki sarakunan zamaninsa da shi karɓar kyaututtukan masu neman biyan buƙata. Saboda haka wanda ya ce wannan damuwa baƙuwa ce da aka kwaso daga jami'o'in Turai bai duba littattafan zaurenmu ba.

A nan masu kare hulɗar sukan kawo maganin da duniya ta fi karɓa: a bayyana. Malami ya rubuta a ƙarshen maƙalarsa cewa kamfani kaza ne ya biya, mai karatu ya yi wa kansa hisabi. Amurka ta kai ga kafa doka a 2010 da ta tilasta wa kamfanonin magani su sanar da abin da suke ba likitoci. Bayyanawa wajibi ce, ban ga mai hankalin da zai ƙi ta ba. Amma wa take kaiwa? Layi biyu ne da Turanci ko Faransanci a ƙarshen maƙalar da ke cikin mujallar da ko malamin gona ba ya samu. A kasuwar albasa, in dillali ya yabi kaya, mai saye ya san yana da la'ada, sai ya rage wani abu daga yabon ya buɗe buhu ya duba da kansa. Manomin da ya zo ranar baje kolin gonar gwaji, ya ga Dakta da hularsa yana magana, ba ya rage komai, domin bai san akwai la'ada ba. Bayyanawar da za ta yi masa amfani ita ce wadda za a yi da Hausa, a bakin gonar ko a gidan rediyo, kafin a fara yabon iri.

Akwai kuma matsalar da ta fi tsanani a ƙasa irin tamu. Masanan kowane fanni 'yan kaɗan ne. Mutumin da ya fi kowa sanin ƙwarin albasa shi kamfani zai nema ya gwada masa magani, shi hukuma za ta kira ya ba da shawara kan ko a amince da maganin, shi kuma zai horar da malaman gona da za su gaya wa manoma abin da za su saya. A manyan ƙasashe ana iya cewa wane ya fita daga zaman tunda yana da hannu, a kira wani. A nan in ya fita, wani lokaci babu wanin. Wannan hujja tana yanka ta kowane gefe. Masu kare hulɗar za su ce ka gani, ba za a iya raba su ba. Ni kuwa ina ganin ita ce babban dalilin da ya sa dole a nemi hanyar rabawa, ko da za a ɗauko mai dubawa daga Zariya ko Bamako ko Wagadugu, mu ma a ɗauki namu su duba nasu.

Waken Samaru ya nuna yadda lamarin ke da sarƙaƙiya. A ƙarshen 2019 Najeriya ta amince da SAMPEA 20-T, waken da ke kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, wanda cibiyar IAR ta jami'ar Ahmadu Bello ta fitar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammed Ishiyaku. Ƙwayar halittar ta Monsanto ce, wanda yanzu ya koma hannun Bayer, an bayar da ita ba tare da kuɗin mallaka ba ta hanyar gidauniyar AATF, masanan Ostireliya suka saka ta cikin wake, USAID ta ba da kuɗi. Masu aikin sun ce feshi zai sauko daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. In haka ta tabbata a gonakin talakawa, alheri ne babba, musamman ga mai goya tankin feshi a baya ba takunkumi ba safar hannu. Ƙungiyoyin kare muhalli irin HOMEF kuwa suna adawa, suna cewa kyautar ƙofa ce ake buɗe wa kamfanonin iri. Ba na cikin masu zargin malaman Samaru da sayar da kai. Shekaru suka yi suna wannan aiki, kuma tsutsar da suke yaƙa gaskiya ce. Abin da nake cewa shi ne wanda ya kwashe shekaru goma yana renon iri bai kamata ya zama shi ne muryar ƙarshe kan ingancinsa ba, ko da ko sisi bai karɓa ba, balle in akwai masu kuɗi a bayansa da ke jiran labari mai daɗi. Manomin Illela da irin zai iso wa ta hannun ɗan'uwansa na tsallake ya cancanci jin sakamakon wani gwaji da ba masu irin suka yi ba.

Wata ɓarnar kuma ba a ganinta, domin ta shafi binciken da ba a yi ba ne. Kamfani yana biyan tambayar da amsarta za ta sayar da kaya. Wa zai biya a auna ragowar guba a albasa da tumatir da kabejin da ke fita daga fadamunmu, alhali kowa ya san piya-piya da sauran magungunan da kwamitin magungunan ƙwari na ƙungiyar ƙasashen Sahel, CILSS, bai amince da su ba suna cike da kasuwannin kan iyaka? Wa zai biya a inganta rudu don albasa ta daina ruɓewa kafin farashi ya tashi, ko a tace irin da manomi ke ajiyewa da kansa, wanda ba mai cin ribar sayar masa da shi kowace shekara? Masana'antar siminti tana Malbaza tun shekarun 1960, ta ba mutane aiki, ta gina ƙasa. Ƙa'idar da ake bi a Nijar da sauran ƙasashe ita ce mai babban aiki shi ke ɗaukar masanan da za su auna illar aikinsa ga muhalli, shi ke biyansu, sannan hukuma ta duba rahoton, kuma malaman jami'a suna cikin waɗanda ake ɗauka irin wannan aiki. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Amma mazaunin kusa da kowace masana'anta yana da haƙƙin a samu wani mai auna iskar da 'ya'yansa ke shaƙa wanda ba ya jiran kwangila ta gaba daga mai masana'antar. A Arlit, sai da ƙungiyar Aghir In'man ta gayyato masu awo masu zaman kansu na CRIIRAD daga Faransa a 2003 kafin jama'a su ji wasu alƙaluman da ba daga bakin kamfanin yuraniyom suka fito ba.

Inda na tsaya shi ne nan. Masu cewa a yanke hulɗa baki ɗaya ba su gaya mana wanda zai sayi man mota ba, kuma da an bi tasu da babu buhun PICS a kasuwa. Malami ya haɗa kai da kamfani su ƙirƙiro abu, ya karɓi ladan guminsa a fili, wannan halas ne kuma ana buƙatarsa. Abin da ba ya halatta shi ne ya ƙirƙira sannan ya zauna kujerar mai hukunci, ko ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba kamfani ikon hana shi faɗin abin da ya gani. Wannan sharaɗi na biyu shi ne wanda Dakta Nancy Olivieri ta yi karo da shi a Toronto a 1996, lokacin da ta ga abin da ya dame ta game da wani maganin kamfanin Apotex ta so sanar da marasa lafiyarta, kamfanin ya yi mata barazanar kotu da takardar sirrin da ta sa wa hannu, jami'arta kuma, wadda ke tattaunawar karɓar babbar gudummawa daga kamfanin, ta yi sanyin jiki wajen kare ta. Ko Plumpy'Nut da na yaba, sai da MSF ta fito a 2009 ta soki yadda takardar mallakarsa ke takura wa wasu masu son sarrafa irinsa, kafin kamfanin ya sassauta.

Jami'o'inmu na Tawa da Maraɗi matasa ne, a 2010 aka kafa su, al'adunsu ba su gama daskarewa ba. Abu ne mai yiwuwa tun yanzu kowace yarjejeniya da kamfani ta bi ta ofishin jami'a maimakon aljihun mutum ɗaya, a rubuta a cikinta cewa sakamako zai fito ko ya yi wa mai biya daɗi ko bai yi ba, a kuma ajiye rajistar da ɗan jarida ko shugaban ƙungiyar manoma zai iya dubawa ya ga wa ke karɓa daga wa. Wannan ba ya cin kuɗi. Mai cin kuɗi shi ne gwaji mai zaman kansa, kuma a nan ne nake ganin manoma da kansu suna da abin yi. Nijar tana noma albasa fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, akwai ƙungiyar ANFO ta masu sana'ar, akwai cibiyar cinikin albasa a Tsernawa inda buhuna ke wucewa ana ƙirgawa. Da za a ware ɗan abu kaɗan a kan kowane buhu, a zuba a asusun da manoma ke riƙe da makullinsa, su za su kira malamin jami'a su ce ga gwangwanayen iri uku da ake sayar mana, ga namu na gida, shuka su gefe da gefe a gonakinmu shekara biyu ka gaya mana abin da ka gani. Za a ce buhun albasa ya riga ya sha haraji tun daga gona har iyaka, kuma asusun ƙungiya ma ana cinye shi. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa sai an yanko kason daga cikin abin da ake karɓa yanzu, a kuma riƙa karanta lissafin asusun a gaban taron manoma kowace kaka.